Grace Hopper

Grace Brewster Murray Hopper (9 ga Disamba, 1906 – 1 ga Janairu, 1992) masaniyar lissafi ce kuma hafsan sojan ruwan Amurka. Tana cikin mutanen farko da suka rubuta manhajar kwamfuta, kuma ta yi fice wajen kafa tsarin gwajin da kwamfuta ke yi wa manhaja da kanta.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin New York. Ta yi digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks a Kwalejin Vassar a 1928, sannan ta sami digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934. Ta koyar a Vassar har zuwa 1943, lokacin da ta shiga sojan ruwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

Aiki

A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard, inda ta yi aiki da kwamfutar Mark I a ƙarƙashin Howard Aiken. A 1947 abokan aikinta suka tsinci wani ƙwaro ya maƙale a cikin Mark II, suka manna shi a littafin aiki. Hopper ta yawaita ba da wannan labari, shi ya sa wasu ke zaton ita ta fara kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro, alhali injiniyoyi sun daɗe suna faɗin haka.

A 1949 ta koma kamfanin Eckert–Mauchly, masu ƙera UNIVAC I. A 1952 ta kammala A-0, ɗaya daga cikin manhajojin fassara na farko. Daga baya ita da ma'aikatanta suka samar da FLOW-MATIC, wanda ke karɓar umarni da kalmomin Turanci. Daga gare shi harshen COBOL na 1959 ya ɗauki abubuwa da yawa.

Gwajin manhaja

Manufar COBOL ita ce a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a kowace kwamfuta. Sai dai kowane kamfani ya riƙa yi wa manhajarsa ta fassara ƙari da ragi. Don haka idan babbar ma'aikata ta sauya na'ura, sai lissafin albashi ko na kayan sito ya iya fitowa daban, ko kuma a sake rubuta komai da kuɗi masu yawa.

Hopper ta yi ritaya a 1966, amma a 1967 rundunar ta sake kiranta domin wannan matsala. An ce aikin wata shida ne. Ta shafe kusan shekara 19. Ita da ma'aikatanta suka rubuta jerin manhajojin gwaji. Akan bi da su ta cikin manhajar fassarar da kamfani ya kawo, a gwada abin da ya fito da abin da ƙa'idar harshen ta tanada, duk inda suka saɓa a gani. Tunda gwamnati babbar mai saye ce, dole kamfanoni suka riƙa gyara kayansu domin su ci gwajin. An yi wa FORTRAN irin wannan, kuma daga baya hukumar ma'auni ta Amurka ta karɓi aikin.

Ƙarshen rayuwa

Ta yi ritayar ƙarshe a watan Agusta 1986 tana da shekara 79, da muƙamin riya admiral, sannan ta zama mai ba kamfanin Digital Equipment Corporation shawara. A wajen lacca takan raba guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, wato nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Ta rasu a Arlington, jihar Virginia, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta garin. A 2016 Shugaba Barack Obama ya karrama ta da lambar 'yanci ta shugaban ƙasa.