BABBAN GWANI, MAGININ MASALLACIN JUMA'A NA BIRNIN ZAZZAU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, in aka ambaci mutanen zamanin jihadi, hankalinka sai ya tafi ga malamai da masu tuta. To, ga wani bawan Allah wanda ya yi wa addini hidima da ƙasa da azara, wato Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani.

Ka sani Malam Musa ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya ci Zazzau a 1808. Bayansa Yamusa ya hau, sannan Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A zamanin Abdulkarimu ne aka ɗora wa Malam Mika'ilu ginin masallacin Juma'a kusa da fada.

Tsaya ka ji girman aikin. Babu siminti, babu rodi, sai tubali da azara. Ita azara tsagin giginya ce, gara ba ta cinta, amma in tazara ta wuce kamar mita biyu ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahu na masallata? Sai ya riƙa jera azara bisa azara daga jikin ginshiƙi, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, har gefe biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In bakan gizo ya gitta wani, sai su ɗauki tulluwa. Magina sun san dabarar kafin shi, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. Ya ƙawata ginshiƙan da zane, ba tare da surar wani abu mai rai ba. Ya yi wuraren alwala ta mashigai, ya haɗa da ɗakin shari'a.

Sunansa ya tafi nesa. A fadar Bauchi akwai soron da ake kira Babban Gwani, a Birnin Zazzau akwai unguwa mai sunansa, zuriyarsa kuma suka gaji shugabancin magina.

Za ka ji ana cewa da dare yake gini, har wasu su jingina gwanintarsa ga aljannu. Kada ka yarda da camfi, ɗan'uwa. Baiwa ce ta Allah, da sanin ƙasa da itace, da awo, da haƙuri. Mai cewa aljani ne ya yi, hanyar gudun koyo yake nema.

Game da ƙarshensa, labarin da ake bayarwa shi ne ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Duk mai jin wannan labari ya nemi tsari daga hassada.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo na kankare, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ginin ƙasa amana ne, sai da mai duba shi kowace damina, masu sanin aikin kuwa sai raguwa suke yi.

To, kai fa? Ka riƙe takarda kana zaman jiran ofis, kana raina mai laka a hannu. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya gina masallaci don Allah za a gina masa gida a Aljanna. Tashi ka kama sana'a, ka iya ta sosai, kada ka yi algus.

Allah Ya jiƙan Babban Gwani, Ya ba mu abin yi na halal. Wassalamu alaikum.