Charles Kettering, Mutumin Da Ya Raba Direbobi Da Handul

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani injiniya ɗan Amurka mai suna Charles Kettering. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya murɗa makulli mota ta tashi nan take, to ya ga aikin wannan mutum.

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1876, a wata gona kusa da garin Loudonville a jihar Ohayo. Tun yana yaro yake fama da ciwon ido, har ciwon ya sa ya dakatar da karatun jami'a. Ya yi aikin koyarwa, ya kuma yi aiki da masu kafa wayoyin tarho. Duk da haka bai haƙura ba. A 1904 ya gama Jami'ar Jihar Ohayo a fannin lantarki, yana da kusan shekara 28.

Aikinsa na farko a kamfanin NCR ne, a birnin Dayton. A can ya ƙera ƙaramar motar lantarki mai buɗe na'urar ajiyar kuɗi ta kanti. Ya gane cewa ƙaramar mota za ta iya ba da ƙarfi mai yawa idan na ɗan lokaci ne kawai. A 1909 shi da abokinsa Edward Deeds suka kafa kamfanin Delco.

A wancan zamani da handul ake tayar da mota. Mutum zai tsaya a gabanta ya yi ta juya ƙarfe har inji ya kama. Idan wutar filogi ta zo da wuri fiye da kima, sai injin ya juyo baya, handul ya bugi mai juyawa. Mutane da yawa sun karye a hannu ta haka.

Malamin kimiyyarmu ya yi mana bayanin abin da bakanikai ke kira taimin. A cikin silinda, fistin yana hawa sama yana matse iska da fetur. Dole filogi ya ba da wuta daf da lokacin da fistin zai kai ƙarshen hawansa. Idan wutar ta yi sauri, sai ta tura fistin alhali bai gama hawa ba. Idan ta makara, mota ba za ta yi ƙarfi ba, ga zafi, ga shan mai.

Kettering ya haɗa tsarin ba da wuta mai amfani da batir da kwayil, da wani abu mai juyawa da ke raba wutar ga kowane filogi a kan lokacinsa. Kamfanin Cadillac ya fara sa shi a motocinsa na 1910. Sai kuma ya tuna da dabarar ƙaramar motar nan, ya ƙera sitata. Motar Cadillac ta 1912 da ita ta fito. Daga nan handul ya fara ɓacewa, mata da tsofaffi suka sami sauƙin tuƙi.

Amma akwai wata matsala. Wasu injuna suna ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a ciki. Wasu suka ce laifin tsarin Kettering ne. Shi kuwa ya ce a duba man. Bincike ya nuna cewa idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar fetur yakan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Kettering ya sa wani ma'aikacinsa, Thomas Midgley, ya nemo magani. A Disamba 1921 suka gano cewa wani sinadari mai dalma yana hana ƙwanƙwasar. A 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma.

Nan ne tarihin ya yi ɗaci. Tun a lokacin an san dalma guba ce. A Oktoba 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'antar haɗa sinadarin a jihar New Jersey. An dakatar da sayarwa a 1925, amma aka dawo da ita a 1926, Kettering kuma yana cikin masu kare man. Shekaru da dama hayaƙin motoci ya yi ta zuba dalma a iska, ita kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mu ma mun san sharrinta, domin ita ce ta kashe yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Sai a 2021 Aljeriya ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci, ita ce ƙasa ta ƙarshe.

Matsalar ƙwanƙwasa kuwa tana nan har yau, musamman a motoci masu turbo. Turbo yana amfani da ƙarfin hayaƙi ya cusa ƙarin iska cikin silinda, sai matsi ya ƙaru. Shi ya sa wanda ya ƙara wa turbo ƙarfi dole ya ɗan jinkirta taimin, ya tabbatar fetur yana isa, kuma mai kyau ne. In ba haka ba fistin na iya fashewa. Motocin yanzu suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, kwamfuta ta gyara taimin da kanta.

Kettering ya shugabanci sashen bincike na General Motors daga 1920 zuwa 1947. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1958, yana da shekara 82.

'Yan uwa masu son zama injiniyoyi, ciwon ido bai hana Kettering karatu ba, kada ƙaramin uzuri ya hana mu. Sannan idan mun ƙera abu, mu tambayi kanmu wa zai amfana, wa kuma zai cutu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.