Fada Tansi, Wanda Ake Ziyarar Kabarinsa A Anacha

Duk Bahaushen da ya zauna a Anacha ya san babbar majami'ar nan ta 'yan Katolika da ke kusa da bakin Kogin Kwara, watau Holy Trinity. Cikin masu ziyarar da ke zuwa can, akwai waɗanda kabarin mutum ɗaya suke nufa: Fada Michael Iwene Tansi.

An haife shi a shekarar 1903 a Aguleri. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya. Tun yana yaro ya rasa ido ɗaya wajen wasa. Ya shiga makarantar Mishan, aka yi masa baftisma a 1912, daga baya ya zama malamin makaranta. A 1925 ya bar koyarwa ya tafi Igbariam koyon aikin Fada, ko da yake danginsa ba su so ba. A cikin wannan majami'a aka naɗa shi Fada a watan Disamba na 1937.

Ya yi aiki a Nnewi da Dunukofia da Akpu da garinsu Aguleri, yana zagaya ƙauyuka a ƙasa ko bisa keke. Abincinsa kaɗan ne, barcinsa kaɗan. Ya kafa gidajen da ake koya wa 'yan mata tarbiyya kafin aure, ya kuma hana saurayi ajiye budurwa a ɗakinsa ba a ɗaura aure ba. Wannan ya jawo masa baƙin jini wurin waɗansu, don kuwa mutum ne mai tsanani, ba ya sassauci. Cikin yaran da ya yi wa baftisma har da Francis Arinze, wanda ya zama Kadinal a 1985.

A 1950, lokacin da jama'a suka fi bukatarsa, sai ya tafi Ingila ya shiga gidan masu gudun duniya na Mount Saint Bernard, inda ba a yawan magana, sai addu'a da aikin hannu. Can aka sa masa suna Cyprian. Sanyin ƙasar ya wahalshe shi ƙwarai. Bai sake ganin gida ba, ya rasu a Leicester ran 20 ga Janairu, 1964.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai aka maido da gawarsa Anacha. Ran 22 ga Maris, 1998, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Oba, kusa da Anacha, ya sanya shi cikin masu albarka, watau mataki ɗaya ya rage a kira shi waliyyi.