Dag Hammarskjold, Mai Shiga Tsakani

An haifi Dag Hammarskjold a ƙasar Suwidin a 1905. A 1953 manyan ƙasashe suka amince ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, suna zaton ba zai ja da su ba. Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Da aka kai wa Masar yaƙi kan mashigin Suwez a 1956, shi ya harhaɗa rundunar kiyaye zaman lafiya ta farko. A 1960 Tarayyar Sobiyet ta nemi ya sauka saboda rikicin Kwango, inda sojojinmu na Nijeriya ma suka yi aiki. Ya ƙi, domin ƙananan ƙasashe ne ke bukatar Majalisar.

Ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Ndola a 1961, a hanyarsa ta neman sulhu. Mu 'yan ƙananan ƙasashe, bai kamata mu manta da shi ba.