Luwi Lumiyer, mutumin da ya haska hoto a bango

An haifi Luwi Lumiyer a garin Bezanson na ƙasar Faransa, ran 5 ga watan Oktoba 1864. Sunan gidansu, Lumiyer, ma'anarsa haske da Faransanci. Ubansa Antuwan mai ɗaukar hoto ne. A shekarar 1870 suka ƙaura zuwa birnin Liyon. A can Luwi da wansa Ogust suka shiga makarantar koyon sana'a.

A zamanin nan ba a kan takarda ake fara kama hoto ba, a kan falan gilashi ne da aka shafa wa magani. Antuwan ya gwada yin irin wannan gilashi don sayarwa. Abin bai yi kyau ba, bashi ya kusa karya shi. Luwi yana da shekara 17 ya haɗa wani sabon magani mai saurin kama haske. Masu hoto suka yi ta saye. Gidansu ya fita daga bashi, har suka zama masu babbar masana'anta a Liyon.

A 1894 Antuwan ya ga wani akwati a birnin Pari. Akwatin ya fito daga ma'aikatar Edison, mutumin Amurka. In ka leƙa ta wani ɗan rami, sai ka ga hotuna suna motsi. Amma mutum ɗaya kaɗai ke iya kallo, sauran sai su jira. Antuwan ya koma gida, ya nemi ƴaƴansa su fitar da hoton daga cikin akwati, kowa ya gani.

Aikin yana da wuya. Hotunan suna jere a kan doguwar filim kamar ɗamara. In filim ɗin ta yi ta gudu ba tsayawa, ido ba ya ganin kome sai dishi-dishi. Dole kowane hoto ya tsaya kaɗan gaban fitila, sannan ya ba na bayansa wuri. Luwi ya tuna da keken ɗinki. Keke yana jan ƙyalle, ya tsaya allura ta soka, ya sake ja. Sai ya yi wasu ƴan ƙugiyoyi masu shiga ramukan gefen filim, su ja ta, su sake ta. Da haka hoto 16 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ido kuwa ya ga motsi.

Na'urar ba ta da nauyi, da hannu ake juya ta. Ita ke ɗaukar hoto, ita ke haska shi a bango. Suka sa mata suna sinematogaraf. Daga wannan suna kalmarmu ta silima ta samo asali.

Ran 28 ga watan Disamba 1895 aka nuna wa jama'a silimarsu a Pari, kuɗin shiga tamma ɗaya. Mutum 33 suka biya a ranar farko. An nuna filim 10, kowace ba ta kai minti ɗaya ba. Ta fari ta nuna ma'aikata suna fita daga masana'antarsu. Ba da daɗewa ba mutane suka riƙa yin layi a ƙofa. Ƴan'uwan biyu suka aika masu ɗaukar hoto ƙasashe da dama, har Aljeriya da Masar.

Luwi bai daɗe cikin harkar silima ba. Ya koma neman hanyar ɗaukar hoto mai launi, kuma a 1907 suka fara sayar da gilashinsa. Ya rasu ran 6 ga watan Yuni 1948, yana da shekara 83.

Tambayoyi

1. Mene ne aibin akwatin Edison?
2. Me Luwi ya koya daga keken ɗinki?
3. Mutum nawa suka biya kuɗi a ranar farko?

Aiki

Ku nemi akwatin kwali da gilashi mai ƙara girman abu. Ku huda gaban akwatin, ku liƙa gilashin a ramin. Ku sa wayar salula a ciki, fuskarta tana duban gilashin. A ɗaki mai duhu, ku matsa wayar gaba ko baya har hoto ya fito sarai a farin bango. Za ku ga hoton a kife. Yaya za ku aje wayar don ya miƙe?