Bayajidda: Gwarzon Daura Da Har Yau Ake Jayayya Kan Labarinsa

A 1992 marubutan kamfanin DC Comics na Amurka sun kashe Superman a littafin zane, masoyansa suka yi ta cece-kuce, a 1993 kuma ya dawo. Gwarzon da ya shiga zukatan jama'a ya fi ƙarfin alƙalamin mutum ɗaya. Daura ta daɗe da sanin haka a kan Bayajidda.

Bisa ruwayar gargajiya, ɗan sarkin Bagadaza ne da ya yi hijira zuwa Borno, ya auri 'yar Mai. Da zama ya yi tsami sai ya gudu, ya bar matarsa a Garun Gabas inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa takobi.

Da dare ya shiga Daura, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa bai samu ba. Macijiya mai suna Sarki ta tsare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai Juma'a. Ya je ya sare kanta, daga nan ya auri Sarauniya Daurama, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka mulki Daura, Katsina, Kano, Rano, Zazzau da Gobir, Biram ya cike Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari, ɗan kuyanga Bagwariya, ita aka laƙaba wa Banza Bakwai.

Nan jayayya take. Wasu masana na danganta shi da Abu Yazid, wanda ya yi wa Fatimiyawa tawaye a Arewacin Afirka, ya mutu a 947. Masanin tarihi Abdullahi Smith kuwa, a maƙalarsa ta 1970, ya nuna cewa daulolin Hausa sun tsiro ne sannu a hankali daga cikin gida, ba daga takobin baƙo ba. Ruwayar kanta ta shaida cewa mata ne ke mulkin Daura kafin zuwansa, kuma a kan Daurama sarautarsu ta tsaya.

Don haka duk matashin da zai zana Bayajidda a yau, zaɓi na gabansa: ya ɗaukaka baƙon da ya ceci gari, ko sarauniyar da ya tarar da garin a hannunta, ya riƙe laƙabin Banza Bakwai, ko ya ajiye shi. Masu sauraro ba za su yi shiru ba, domin rijiyar Kusugu na nan a Daura, ana ziyartarta har yau.