Sir Jonathan Hutchinson, Likitan Da Ya Gane Sankarar Farce

An haifi Jonathan Hutchinson ran 23 ga Yuli, 1828, a garin Selby cikin ƙasar Ingila. Ya fara koyon aikin likita a York, sa'an nan ya zarce Landan, inda ya zama babban likitan fiɗa, masanin ciwon ido da na fata. Mutum ne mai lura ƙwarai, kome ya gani a jikin majiyyaci sai ya rubuta, ya sa a zana siffarsa.

Cikin 1886 ya bayyana wata cuta wadda ake ɗauka karkare ce, alhali kuwa sankara ce mai tsirowa a ƙarƙashin farce. Alamarta baƙin zane ne a tsawon farce, galibi na babban yatsan hannu ko na ƙafa. In baƙin ya tsallake farce ya malala bisa fatar gindinsa, to, abin tsoro ne. Har yau likitoci suna kiran wannan alama da sunansa.

Ya kamata mai karatu ya san bambanci. Jinin da ya kwanta saboda tuntuɓe yakan bi farce ya fita da kansa. Baƙaƙen mutane da yawa kuma suna da zane a farata da dama ba tare da lahani ba. Amma zane ɗaya tak mai ƙara faɗi, ko farce mai tsagewa da gyambon da ya ƙi warkewa, sai a hanzarta zuwa asibiti. Can za a yanki ɗan nama a duba da madubin likita. In cutar ce, a cire farcen da naman wurin. In ta yi zurfi, a yanke gaɓar yatsan. Jinkiri shi ke ba ta damar yaɗuwa. Ita ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, cikin 1981, yana da shekara 36, bayan ya ƙi yarda a yanke masa yatsa.

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa kuskure ga masani. Hutchinson ya dage cewa cin ruɓaɓɓen kifi ke kawo kuturta, ko da yake Hansen na Norway ya gano ƙwayar cutar tun 1873.

An zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Likitocin Fiɗa ta Ingila cikin 1889, aka ba shi sarautar Sir cikin 1908. Ya rasu a Haslemere ran 23 ga Yuni, 1913, ya bar wa garin gidan adana kayan tarihi wanda ya kafa domin ilmantar da jama'a.